Kunun Kanwar da Na Sha a Bayan Rumbu

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, har in an tambayi mutum jiharsa sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa, ƙanwata ta dawo gidanmu a Jega goyon ciki. A Aliero take aure, mijinta manomin albasa ne. Cikin fari ne, kun kuwa san al'ada, a gaban uwa ake haihuwar fari, a yi wanka, a yi arba'in, sannan a koma ɗaki. Shekarunta ba su wuce ashirin ba.

Ni ce babba a ɗakinmu. Aurena a nan unguwarmu yake, gida huɗu ne tsakani, maigidana kuma direban babbar mota ne, in ya yi kudu da kaya sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba. Ni kuwa da ma ba mai son yawo ba ce, daga ɗakina sai madafin mahaifiyata. Da yake ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai dai "ke wagga". Har ta koma ga Allah da wannan sunan take kirana.

Boko aji uku na tsaya, amma abu biyu Allah Ya ba ni. Na farko kunne. Ina daga ɗaka zan gaya muku wace ce ke daka a maƙwabta, kuma ko ranta a ɓace yake. Na biyu hannun kunu. Duk wadda ta haihu a unguwarmu, gidan su kan aiko mini da gero in dama mata kunun kanwa. Ba na awo, da ido nake sa kanwa, in zuba citta da kanumfari da masoro, ya fito ruwan ɗorawa yana ƙamshi. Ina jin kaina da wannan kunu ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ƙanwata ta sauka lafiya cikin bazara, aka sami mace. Mijinta ya aiko da itacen wanka har sai da muka rasa wurin jibgewa. Muka shiga hidima yadda muka gada. Safe da yamma mahaifiyata ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen dogon yaro tana fyaɗa mata. A zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta ta gasu. Ni kuma ƙwarya guda da safe, ƙwarya guda da yamma, kuma sai na tsaya a kanta ta shanye.

Bayan suna da kamar sati biyu ƙafafunta suka fara kumburi. Awarwaron hannunta ya nutse cikin nama. Ga tari, ga shi ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da bango. Ni abin da ya fi damuna numfashinta ne, domin ina jin wani ɗan sauti a ƙirjinta kamar ruwa ya fara tsuwa a gindin tukunya. Na gaya wa mahaifiyata. Ta taɓa ƙafar, ta girgiza kai.

"Sanyi na ya shige ta. Ke wagga, ƙara itace. Kunun ma ki ƙara mishi kanwa."

Muka ƙara. Tana kumbura muna ƙarawa, muna ganin gata muke yi mata.

Ran nan mijinta ya kawo albasa kasuwar Jega, ya biyo ya duba su. Mutum ne mai kunya, in ya zo gidanmu ko ido ba ya haɗawa da mahaifiyata. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya gaishe da matarsa, ita kuwa "lahiya lau" ɗin ma sai da ta raba shi biyu, ta huta a tsakiya. Can ya juya wajen mahaifiyata, kansa a ƙasa.

"Inna, ku yi mani aikin gahwara. Asibiti za ni kai ta."

"Mai jego ba ta hita kahin arba'in," in ji ta. "Mi mutane za su ce?"

"Inna, mu Aliero in ƙashi ya karye mun san yadda za mu ɗora shi. Wanga ba ƙashi ba na. Ban san shi ba, kuma tsoro shikai mani."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi daga tsugunon ba, har mahaifinmu ya dawo daga masallaci. Mahaifin namu ya leƙa ɗakin sau ɗaya, ya fito ya ce a nemo mota.

A asibiti a Birnin Kebbi likita ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta, ya ɗauke, rami ya zauna kamar an danna tuwo. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe. Sannan ya tambaya me take ci, me take sha. Nan fa baiwar Allah, wato ni, na gyara zama. Na zayyana masa kununa tun daga jiƙon gero, na nuna masa da hannu girman kanwar da nake sawa, har da cewa a unguwarmu ba wadda ta kai ni. Ina jiran ya ce sannu da ƙoƙari, sai na ga ya ajiye biro.

Ya ce zuciyarta ce ta gaji, ta buɗe, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafafu har ya hau huhu. Ya ce kanwa da gishiri ruwa suke riƙewa a jiki, zafin wanka da na gado kuma ƙara wa zuciya aiki suke yi. Kamar jaki ne ya durƙushe da kaya, mu kuma muna ƙara masa buhu.

Na ce, "Likita, ke nan ni na kashe ta?"

Ya ce, "Ba ta mutu ba tukuna, kuma in kun ba ni haɗin kai ina sa ran ba yanzu ba, da yardar Allah. Ciwon nan yakan kama mai jego ko ba ta sha kunu ba. Ba ku kuka kawo shi ba. Amma in kuka ci gaba, ku za ku taya shi."

Kusan sati uku muka yi a can. Suka yi ta ba ta allura da ƙwayoyi masu sa fitsari, ruwan ya dinga sauka, har wata rana awarwaron nan ya zame da kansa ya faɗi ƙasa. Da za a sallame mu likita ya kafa mana doka. Ba gishiri, ba kanwa, ba magi. Wanka da ruwa mai ɗumi kawai. Ba daka, ba jan guga. Ƙwaya kullum, kuma duk wata a dawo da ita. Ya dube ni musamman ya ce, "In ta koma wa kanwa ruwan zai dawo, kuma ba kullum ake dacewa a iso da mutum da rai ba."

Da muka dawo gida sai muka riƙa yi mata tukunyarta daban. Ta ƙi ci. Tana jin ƙamshin miyarmu, a miƙo mata tata salam, ta yi loma biyu ta ture. Ga jaririya na neman nono. Mahaifinmu ya lura, ya ce daga yau tukunya ɗaya za a ɗora a gidan nan, abin da mai jego za ta ci shi kowa zai ci. Ranar farko ya kai loma, ya tauna, ya dubi sama.

"Wagga miya ko a hanya ba ta gamu da gishiri ba."

Amma ya cinye, har ya suɗe kwano a gabanta don ta gani. Daga baya muka gane yana ratsewa wajen mai tsire in ya fita, muka yi kamar ba mu sani ba.

Girki ba kanwa ba gishiri wani karatu ne. Kuɓewa ta ƙi yauƙi, wake ya ƙi nuna. Mijinta ne ya cece ni. Duk sati sai ya buɗe rudunsa, inda suke adana albasa, ya zaɓo manya ya kawo. Na koyi soya albasa a hankali har ta yi ja ta yi zaƙi, in daka daddawa da tafarnuwa da citta, in matsa lemun tsami ko in tsiyaya ruwan tsamiya. A hankali ƙanwata ta fara cin rabin kwano. Tana cikin wannan hali, ta rame ƙwarai tunda ruwan ya sauka, sai ga gwaggona.

Gwaggona yayar mahaifinmu ce, a Liba take, can ƙasar Maiyama. Ita ta yi wa mahaifiyata jegonmu duka, kuma a garinsu ba a haihuwa ba a kira ta ba. Labari ya kai mata cewa an hana 'yar ƙaninta wanka da kunu. Ta sauko daga mota da sandarta, da ƙullin kanwa ungurnu a gefen zane. Ta dubi ƙanwata sama da ƙasa.

"Kun bar ɗiya ta bushe awa karan dawa. Wa yac ce a yi haka?"

Mahaifiyata ta ce, "Likita na, Yaya."

"Likitan ya taɓa haihuwa?"

Mahaifinmu, da ba ya iya musu da yayarsa, ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa. Mahaifiyata matar ƙane ce, ba ta da bakin magana. Gwaggo ta kwance ƙullin ta miƙo mini.

"Ke mai hannun kunu, tashi ki dama. Sahe da marece. Ni gwiwa ta hana ni tsayuwa bakin murhu, amma idona na nan."

Na karɓa. In gaya muku gaskiya, rabin zuciyata ta yarda da ita. Wannan tsohuwa ta raini mata da yawa, ga su nan da ransu. Ƙanwata kuma ga ta kamar a hure ta ta faɗi. Na ce a raina, ƙwarya ɗaya dai me za ta yi?

Bayan azahar na dama shi, ya yi kyau kamar yadda na saba. Gwaggo tana zaune a tabarma gindin bishiya, kusa da turken awaki, ta ɗanɗana ta ce haka ake yi. Na ɗauki ƙwarya na zaga wajen ɗakin mai jego, wanda yake bayan rumbu, inda idonta ba ya kaiwa. Na kai hannu zan ɗaga asabari ke nan sai na tsaya, na kasa kunne yadda na saba.

Ban ji komai ba. Tsuwar nan ta gindin tukunya babu ita. Na leƙa, sai na gan ta kwance sambal a kan matashi ɗaya, ita da ta yi wata biyu tana barci a zaune. Numfashi na shiga yana fita sumul, jaririya a gefenta. Na dubi ƙwaryar hannuna, na tuna ramin da yatsan likita ya bari.

To yanzu ya zan yi da kunu? In zubar, makwararar gidan ta gaban gwaggo take bi, kuma zubar da abinci ba tarbiyyarmu ba ce. In ba awaki, suna gabanta. Na tsuguna a bayan rumbu, na yi bisimilla, na kafa kai. Ƙwarya guda cur, da zafinsa.

Na dawo ina gumi. Gwaggo ta ce, "Ta shanye?"

Na kifa ƙwaryar na ce, "Ga ta dai, Gwaggo."

"Madalla. Kin gani ko?"

Kwana goma sha ɗaya ina wannan aiki, safe da yamma. Wadda ta san kanwa ta san abin da take yi wa ciki. Na san hanyar bayan gida fiye da hanyar ɗakina. Duk da haka kumatuna suka ciko, wuyana ya yi gaɓa-gaɓa, matan unguwa suka fara yi mini kallon ƙasa-ƙasa suna tambayata ko da labari. Maigidana ya dawo daga tafiya ya tsaya yana dubana, ya ce, "Shin wace ce ta haihu, ke ko ita?"

Ita kuwa ƙanwata, ƙwayoyinta da miyar albasa suna ta aiki. Ta fara cinye kwano, ta fara fitowa tsakar gida, har tana kaiwa zaure ta dawo ba ta dafa bango ba. Duk wadda ta shigo dubiya sai gwaggo ta tare ta: "Kun ga aikin kanwa? Kwana goma kacal." Ni dai ina jin ta, ina ganin dabarata ta yi.

Ashe rami nake haƙawa. Wata safiya na shigo gidan na tarar da babbar tukunyar wanka a kan wuta, gwaggo kuma ta lallaɓa da sandarta ta dama kunu da kanta, kanwar har ɗaci take a hanci. Ta zauna a gaban ƙanwata da ludayi a hannu. Mahaifiyata na gefe tana cewa a hankali, "Tunda kunun ya karɓe ta, ko dai a huta da ƙwayoyin nan haka?"

Ƙanwata ba ta san komai ba, ba ta ma san ana dama wani kunu da sunanta ba. Ta dube ni, ta dubi ludayin. Tarbiyya ba za ta bar ta ta ce wa gwaggo a'a ba. Na ga ta fara buɗe baki.

Na durƙusa na riƙe hannun gwaggo. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata.

"Gwaggo, ki gahwarce ni. Ko ludayi guda ba ta taɓa sha ba."

"Ƙwarya ashirin da biyu hwa? Aljannu sunka sha?"

"Ni na sha. Bayan rumbu."

Gwaggo ta dubi kumatuna, ta dubi wuyana, ta dubi cikina. Sai ƙanwata ta fashe da dariya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, har hawaye, tana nuna ni tana cewa, "Yaya, ashe ke ka jegon." Kowa yana kallonta, ni kuwa saurare nake. Dariya ce mai tsawo, tun daga ƙasan ƙirji, kuma ko tari ɗaya bai biyo bayanta ba. Wata uku rabon da in ji wannan. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Gwaggo ta ce, "Ɗiyar banza, kin maishe ni abin dariya cikin gari."

A nan mahaifiyata ta yi abin da ban zata ba. Ta matso ta durƙusa kusa da ni. Ta ce, "Yaya, ke kika yi mani jego, ban manta ba. Amma ni da hannuna na ƙara ma yarinyar ga wuta tana kumbura, na kusa rasa ta. Sauƙin da kike gani, ba da kanwa aka same shi ba. Ki bar muna ita haka." Ta tashi ta janye itacen da ke ƙarƙashin tukunyar wanka, ta ɗauki sauran ungurnun ta ajiye wa awaki su lasa.

Gwaggo ta koma tabarmarta gindin bishiya ta wuni a can. Da yamma ta ce in ranar komawa asibiti ta zo, da ita za a je, tana son ta ga wannan likita da idonta.

Aka je da ita kuwa. Likita ya danna ƙwauri, ba rami. Ya saurari ƙirji ya yi murmushi, ya ce zuciya tana komawa mazauninta, a ci gaba da abin da ake yi. Gwaggo ta nuna abin sauraron da sandarta ta ce, "Mi kake ji cikin abin ga?" Shi kuwa mutumin kirki, ya cire ya sa mata a kunne, ya ɗora a ƙirjin ƙanwata. Tsohuwa ta rufe ido ta daɗe. Da ta buɗe sai ta ce, "Tana daka daidai. Taɓarya ba ta kuskure." Daga ranar ba ta ƙara ambatar kanwa a gidanmu ba.

Arba'in ɗin ƙanwata sai da ta zama wata goma. Lokacin da likita ya yarda ta koma ɗakinta, ana cikin cirar albasa. Muka raka ta Aliero, ni da gwaggo. Da muka sauka a tasha mijinta ya tsayar da kabu-kabu, ta ce a'a, da ƙafarta za ta shiga gidanta. Ta goya 'yarta, ta kama hanya, tana ratsa tsibin albasa da masu ɗinkin buhu, mata na leƙowa suna yi mata barka da arziki. Tafiya ce mai ɗan nisa. Ina bayanta taku biyu, ba na kallon kowa, kunnena na kan bayanta. Har muka kai ƙofar gida ba ta tsaya ba, ba ta yi haki ba. Ta juyo ta ce, "Yaya, kin ji wani abu?" Na ce, "Ban ji komai ba." Mijinta ya juya baya yana gyara hula, wai ƙaiƙayi ya faɗa masa a ido.

Ta daɗe tana shan magani, kuma sai da likita ya ba da izini bayan shekaru sannan ta ƙara haihuwa, a asibiti, ana duba ta. Yau tana nan da ranta, har da jikoki. Jaririyar nan da kanta ta haihu, ni na yi mata jego da ruwa mai ɗumi da kunun gyaɗa. Gwaggo kuwa, Allah Ya jiƙanta, har ta rasu tana gaya wa mutanen Liba ita ta warkar da yarinyar. Ba mu taɓa yi mata gardama ba, domin an ce daga baya duk mai jegon da ta ga ƙafarta ta kumbura, sai ta danna da yatsa, in rami ya zauna ta ce a nemo mota.

Abin da na riƙe daga wannan lamari shi ne, duk cikinmu ba wanda ya ƙi yarinyar nan. Da mai ƙara itace, da mai ƙara kanwa, da mai zuwa da ƙulli tun daga Liba da ciwon gwiwa, duk so ne. Amma so ba ya hana kuskure, sai an haɗa da tambayar wanda ya sani. Ban ce a watsar da abin da muka gada ba. Na dai ce in mai jego ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya, a sauke tukunya a kai ta asibiti, arba'in ta jira.

Har yanzu in na je barka aka miƙo mini kunun kanwa, sai in ce a kai gaba. In an matsa mini in ce, ku bar ni, na sha rabona na sha na ƙanwata.